Ruwan Alhamis da Kauɗar Inna

A shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare, malamin labarin ƙasa ya naɗa ni mai kula da ma'aunin ruwan sama na makarantarmu. Wani ƙarfe ne kamar dogon gwangwani, da mazurari a bakinsa da kwalba a cikinsa, an kafa shi a bayan ofishin shugaba. Aikina shi ne in je kowace safiya in juye ruwan da ya taru a wani gilashi mai layi-layi, in rubuta yawansa a littafi. Na yi murna har na faɗa wa duk wanda na gamu da shi a hanyar gida, har da mai rake. Abin da ban lura da shi ba shi ne an ba ni sarautar ce a makon da damina ta naɗe tabarmarta. Wadda ta riƙe aikin kafin ni ita ta kwashe ruwan Agusta kaf, ni kuma aka bar mini kwalba.

Wata uku cur ina rubuta sifili. Hannuna ya ƙware da zana shi har ina iya yi ido rufe. Abin da na taɓa samu a cikin kwalbar bai wuce gizo-gizo biyu, da ɓawon gyaɗa, da wani ƙadangare da ya dube ni kamar ni ce na shigo masa ɗaki ba sallama. 'Yan ajinmu idan sun gan ni da littafin sai su ce a ba ni hanya kada ambaliya ta tafi da mu. Ina dariya tare da su, amma a raina ɗigo ɗaya kawai nake nema, ko da na tsuntsu ne.

Ana cikin haka waya ta shigo gidanmu. Yayana, babban ɗan Inna, ya shekara biyu a Saudiyya yana aiki a gonar dabino. Wani mutumin unguwarmu da ya dawo daga Umra ya kawo mana saƙonsa: dabino, da turare, da tsohuwar wayarsa don Inna ta riƙa jin muryarsa. Inna ba ta yi boko ba, kuma tana tsoron taɓa gilashin kada ta goge ɗanta, saboda haka ni na zama mai riƙon waya. Wayar ta sha wuya kafin ta iso gare mu. Samanta ya tsage, wani baƙin tabo kamar an ɓarar da tawada ya rufe kan fuskarta. A ƙasan tabon ne na tarar da abin da ya ɗauke mini hankali: kwanakin mako a jere, kowace rana da ɗan hotonta. Hasashen yanayi ne, a tafin hannuna.

Tun daga ranar na buɗe tashar kaina a tsakar gida. Kowace safiya, Inna na dama koko, sai in hau turmi in gyara murya in sanar da jama'a cewa yau za a yi rana. Sai kuwa a yi rana. In ce gobe da asuba za a yi sanyi, a rufe yara. Sai a yi sanyin da ruwan buta ke cizon yatsa. A Gummi, a tsakiyar ɗari, ko akuya ta hau turmi ta faɗi haka ba za ta yi kuskure ba, amma ba wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin, har ni. Matan layinmu suka fara leƙowa ta katanga suna tambaya ko gobe za a iya wanki. Nakan duba wayar in ɗan ɓata fuska kamar likita, sannan in ce za a iya.

Lokacin ne tumatirin fadama ya nuna gaba ɗaya. Baba yana da ɗan fili a bakin gulbi, kuma a shekarar tumatir ya yi yawan da motocin da ke zuwa saye suka kasa kwashewa. Idan haka ta faru mata ke ceton sa. A raba kowane ɗaya biyu da wuƙa, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, shi ne kauɗa. Da ita ake miya har damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke zama abin kallo. Matan layinmu karo-karo suke yi, yau a taru gidan wannan da wuƙaƙe, gobe gidan waccan. Aka share filin bayan unguwa, aka farke tsofaffin buhuna aka shimfiɗa. Ranar Litinin da yamma filin nan ya yi ja wur, har kan soraye da rufin kwano. Shanyar Inna ta fi ta kowa faɗi, ta yanka har yatsunta sun yi fari sun tattare.

Kauɗa tana da doka biyu da kowace yarinya ta sani. Idan ruwa ya taɓa ta a shanya, ta ruɓe. Idan kuma aka kwashe ta da sauran laima aka cusa a buhu, sai ta yi zafi, ta yi fumfuna, ta yi baƙi. Kusan mako guda take so tana kwance a rana ba mai damun ta.

Ranar Talata da safe na buɗe waya, sai na ga a ƙarƙashin Alhamis babu rana. Baƙin girgije ne, da ɗige-ɗige, da ɗan zanen walƙiya. Saba'in cikin ɗari, in ji wayar. Gaskiya ita ce ban tuna da tumatir ba ko kaɗan. Kwalbata na tuna. Na hango kaina ina shiga aji da gilashi cike, ina ɗaga shi sama.

Ban ma hau turmi ba. Na ce wa Inna jibi za a yi ruwa. Ta ajiye ludayi ta ce, "Mi kinka ce?" Na maimaita, na ƙara da cewa mai ƙarfi ne. Kafin in fita makaranta na faɗa wa maƙwabciyarmu, a nan ya zama ruwa da iska. A bakin rijiya ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da na dawo da azahar saba'in ɗin nan ta cika ɗari, kuma ƙanƙara ta shigo labarin, kowace ɗaya kamar ƙwan zabo. Ban san inda na samo ƙanƙarar ba. Ta dai zo bakina, na ga ta yi kyau, na bar ta.

Baba ya yi dariya har ya ƙware da tuwo. Ya ce shekararsa hamsin da wani abu yana kallon samaniyar garin nan, bai taɓa ganin an yi ruwa mutane na jin wuta ba. Da maganarsa ta tsaya a nan da an huta. Amma Kaka, mahaifiyarsa, tana gefe tana jan carbi, sai ta ce ita ta gani. Shekarar da ta yaye shi an yi ruwa a tsakiyar ɗari, ya jiƙa wake a masussuka, kowa ya yi asara. Baba ya ce ai shi bai tuna ba. Ta ce ina zai tuna, yana ta kuka yana neman nono. Na ji kamar in goya Kaka in zaga gari da ita.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zo washegari, Inna ta tambaye ta. Ta sauke ƙwarya, ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta daɗe. Ta ce iska ba ta juya ba, tururuwa ba ta kwashe ƙwai ba, shanunsu kuma kwance suke lafiya, ita ba ta ga ruwa ba. Na ce mata shanu ba su da tauraron ɗan'adam. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta auna wa Inna nono, ta yi gaba. Malamin labarin ƙasa kuwa, wanda shi ya kamata in fara nuna wa, na bi ta bayan aji don kada mu haɗu. Ina jin tsoron kada ya ɓata mini labari.

Wunin Laraba Inna ba ta zauna ba. Ta fita filin shanya ta dawo ya fi sau goma. Ta ɗauki ɗaya ta matsa, bayansa ya yi yauƙi kamar fata, cikinsa da sauran ruwa. Ta dubi sama, ba komai. Ta dawo ta sa na nuna mata girgijen, ta kafa masa ido kamar za ta gane shi. Baba ya kunna rediyo ya ce ga shi nan ba su ce komai ba. Na ce 'yan rediyo Gusau da Sakkwato kawai suka sani, ina ruwansu da mu. Bayan la'asar Inna ta ɗaura ɗankwali ta ce yarinyar nan ba ta taɓa faɗa an ga saɓani ba, gara fumfuna kaɗan da a rasa duka. A kwashe.

Da aka ga Inna ta fara, layi duka ya tashi. Mata da yara, da daro da kwando da buhu, har da tabarmar salla. Aka cika ɗakuna da zaure. Ni ina tsaye a tsakiyar fili ina ba da umarni kamar mai gyaran hanya. A gidan kusurwa akwai wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, ba dangi ba ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Shanyarta kaɗan ce, buhu biyu, abin da ta roƙa a fadama ta yanka ita kaɗai da gwiwoyinta masu ciwo. Na taya ta ɗaurewa muka tura ƙarƙashin gado. Ta kama kaina ta yi ta sa mini albarka, ta ce da ba don ni ba da ta shekara tana miyar kuka tsura.

Gab da magariba ƙawata, ɗiyar malamin Islamiyyarmu, ta shigo ta ce in ba ta ta kalli hotunan bikin da aka turo. Ta kwantar da wayar a gicciye don su fito da faɗi, yatsanta ya zame ya buɗe shafin hasashen. Da yake wayar a kwance take, rubutun duk ya juya, abin da baƙin tabon ya ɓoye tun zuwanta ya fito fili a gefe. Ta karanta a hankali, ta sake karantawa.

"Ke," ta ce, "yaushe Gummi ta koma Riyad?"

Na fizge wayar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Yaya ya saita ta a kan birnin da yake kusa da shi, ba wanda ya canza. Can a hamadarsu da sanyi ake ruwa. Wata biyu ke nan ina tsaye a kan turmi ina karanta wa mutanen layinmu samaniyar wata ƙasa. Nan take muka nemo Gummi. Rana bakwai a jere, kowace tana murmushi.

Ƙawata ta ce in tashi yanzu in faɗa, dare ɗaya a buhu ba zai kashe kauɗa ba idan aka baza ta da sassafe. Na san gaskiya ta faɗa. Amma albarkar Gwaggo ba ta ko huce a kaina ba, kuma ina jiyo Inna a tsakar gida tana ba wa wata labarin yadda boko ya yi rana. Na ce wa ƙawata ta dakata, Allah mai iko ne, ba ga shekarar da aka yaye Baba ba. Na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta ce ba za ta rantse ba, amma ba za ta ɗauke mini kayana ba, ni zan sauke abina.

Ranar Alhamis na riga zakara tashi. Samaniya kamar an wanke faranti an kife. Ban taɓa roƙon ruwa da zuciya ɗaya irin na safiyar nan ba, ko liman ranar roƙon ruwa bai kai ni ba. Na ce ko yayyafi ne, ko na minti ɗaya, wanda zai ɗan ɓata ƙasa in samu abin nunawa. Inna ta ce in duba mata ƙarfe nawa zai sauko. Na ce caji ya ƙare, na saɓi jaka na fice ba koko.

A makaranta na buɗe kwalba, na tsaya ina kallon butar da ke bakin masallaci. Na yi tunanin abin, ba zan ɓoye ba. Sai na ga ko na cika kwalbar ba za ta jiƙa garin ba. Na zana sifili. A aji kujerar ta zama kamar an shimfiɗa mata ƙaya. Duk abin da ya gilma ta taga sai na ɗaga kai, shirwa ce. Wata mota ta wuce da rugugi na miƙe tsaye, aji ya fashe da dariya. Da aka fita hutun tara na je wurin matar da ke sayar mana da awara, na tambaye ta, wai a misali, kwana nawa kauɗa mai laima take yi a buhu. Ta ce wace sakarya ce za ta sa ta a buhu da laima. Na ce misali ne. Ta ce to a misalin, idan ta wuce kwana ɗaya a sayo wata.

Ban koma aji ba. Na bi ta ɓarauniyar hanya da gudu, hijabi na tashi.

Tun daga zaure na ji warin, ɗan tsami-tsami kamar kunun da ya kwana. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta kwance buhu ɗaya ta zura hannu har gwiwar hannu. Ba ta tambayi dalilin dawowata ba. Ta ce cikin ya fara zafi, in duba mata, in da yamma ne ruwan za ta daure, in kuma ya ɗaga zuwa gobe ba ta san yadda za ta yi ba. Amsar tana bakina a shirye: da yamma ne. Da na faɗa da ta yarda. Na dubi yatsunta da ba su gama warkewa daga yanka ba, sai na ji bakin ya ƙi.

Na durƙusa na ce babu ruwa. Na kwantar da wayar na nuna mata rubutun da ba ta iya karantawa, na ce ruwan na garin su Yaya ne, namu rana ce har mako mai zuwa. Na rufe ido ina jiran muciya.

Ba ta ɗauki komai ba. Ta zaro hannunta daga buhun ta goge a zane.

"Yaushe kinka sani?"

"Jiya, Inna. Kafin magariba."

Ta dube ni. Da ta zage ni tun daga kakannin kakannina da ya fi mini sauƙi. Ta ce in kama bakin buhu. Muka yi ta jigila, ni da ita da Kaka da ke jan ƙaramin kwando tana cewa ita dai ta san an taɓa yin ruwa da ɗari. Na sama da na gefe lafiya lau. Na tsakiyar buhu ya yi laushi ya manne da juna, wasu sun fara farin gashi. Muna baza su Inna ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "To shi can ana yi mishi ruwa da ƙanƙara ke nan?" Na ce ruwa dai, ƙanƙarar tawa ce. Ta ce Allah ya sa ɗakinsu ba ya yoyo, ta ci gaba da bazawa.

Da muka gama ta ce saura layi, kuma ba za ta raka ni ba. Bakin da ya shiga gida-gida ya kai ruwa, shi zai koma ya kwaso shi.

Gida tara na shiga. Wata ta yi salati ta ruga ɗaki ba ta ko saurari ƙarshen bayanin ba. Wata ta bi ni da tsintsiya har ƙofa. Wata ta zauna ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun da nake ba su yanayin Saudiyya, in taimaka in duba musu ko an ga wata a can. Mazan da ke zaune a gindin dalbejiya labari ya riga ni isa gare su, ina wucewa ɗaya ya ɗaga buhu a kansa ya ce in yi sauri kada in jiƙe. Kafin la'asar filin ya sake yin ja, ko da yake jan ya ɗan dushe.

Gidan Gwaggo na bari ƙarshe, kuma nan ne abin ya ƙi. Na yi bayani sau uku, na kwantar da waya, na tayar da ita. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce Alhamis ai ba ta ƙare ba. Ta ce ta san abin da ya faru, manya ne suka tsorata ni don ba sa son yaro ya fi su sani. Na rantse mata ƙarya na yi, ƙanƙarar ma ni na ƙera ta da bakina. Ta ce, "Ɗiyar ga, jiya da kina faɗi idonki tsaye yake. Yau rawa yake yi. Na jiya na yarda da shi." Na ce ni zan ɗauka, ni zan shanya, in ruwa ya zo ni zan kwashe. Ta zauna a bakin gadon ta ce ba mai taɓa mata buhu sai gari ya waye. Na koma na kira Inna, ta zo ta yi magana, Gwaggo ta ce ta gode, gobe.

Ranar Juma'a da hantsi muka jawo buhunan. Da na kwance igiyar sai da na kau da kai. Toka-toka ne da baƙi, a dunƙule, da ɗumi kamar an sauke daga wuta. Gwaggo ta leƙa ciki. Ta sa aka juye a tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafa ta fara tsincewa ɗaya bayan ɗaya, mai kyau dama, ruɓaɓɓe hagu. Na zauna gabanta na kama. Muka wuni, muka ƙara da Asabar. Abin da ya tsira daga buhu biyu bai cika ƙwarya ba. Ban yi ƙarin gishiri a nan ba, ƙwaryar ma ƙarama ce.

Inna ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na tata, sauran kuma ta bushe da duhu-duhu, ba irin jan da ake so ba. Ranar da aka kwashe ta, ta gaske wannan karon, tana ƙara kamar busasshen ganye, Inna ta cika babban daro har ya yi tozo ta aza mini a ka. Ba ta faɗi inda zan kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Gwaggo ta ɗebi kaɗan ta shinshina, ta karya ɗaya a kusa da kunnenta. Ta ce Inna har yanzu yankanta da kauri, ta sha faɗa mata. Ta nuna mini inda zan juye. Na juye, na ɗauki daro zan fita, sai ta ce ina za ni. Ta turo mini kwandon kuɓewa da ƙafa, ta miƙo wuƙa ta wajen ƙota, ta ce sirara take so. Na zauna na fara yanka.